Gini a Cikin Gini: Sharhi Kan Yadda Aka Adana Masallacin Juma'a na Zariya



A ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana tsakiyar sallar La'asar, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta a kan masallata. Rahotannin farko sun ambaci mutum bakwai da suka rasu, daga baya adadin ya ƙaru. Allah ya karɓi shahadarsu, domin wanda gini ya danne yana cikin waɗanda ingantaccen hadisi ya lissafa a jerin shahidai. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa tun ranar Alhamis aka lura da tsagewa a jikin bango, har an fara shirin kawo masana su duba ta, sai ƙaddara ta riga fata.

Tun daga ranar bakin mutane ya rabu biyu. Wasu suka ce ginin ƙasa mai shekara kusan 190 ba wurin tara jama'a ba ne, a kawar da shi a zuba kankare kowa ya huta. Wasu suka ce kayan tarihi ne, kada a kuskura a taɓa ko tubali ɗaya. Gano musabbabin ruftawar aikin injiniyoyi ne, kuma wannan sharhi ba zai yi musu katsalandan ba. Abin da zai duba shi ne aikin da aka yi wa masallacin a shekarun 1970, wanda aka daɗe ana yabonsa a matsayin ceto, da irin fahimtar da aka gina shi a kanta game da ma'anar adana gini. A ganina wannan fahimtar ce har yau take riƙe da ɓangarorin biyu, mai cewa a rushe da mai cewa kada a taɓa, kuma littattafan fiƙihun da muke karantarwa safe da yamma sun fi su duka zurfin kallo a wannan mas'ala.

Abin da Babban Gwani ya gina

An gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau gadon sarauta a 1834, wato shekara 30 bayan fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Maginin shi ne wanda tarihi ya riƙe da laƙabin Babban Gwani. Wasu riwayoyi suna kiransa Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu, kuma har gobe akwai unguwa a cikin birni mai ɗauke da laƙabinsa. Ba ɗakin salla kaɗai ya gina ba. Ya kewaye shi da haraba, ya yi zaurukan shiga da wuraren alwala, sannan ya haɗa masa ɗakin shari'a. Wanda ya karanta abin da Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka rubuta a kan mulki ba zai ɗauki wannan maƙwabtakar a matsayin dace ba. Wurin da ake sujada da wurin da ake karɓar wa mai rauni haƙƙinsa suna cikin katanga ɗaya.

Kayan aikinsa su ne waɗanda kowane magini ya sani: ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta kwana, da tubalin da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, da azarar da ake tsagawa daga jikin giginya, wadda gara ba ta cinta da sauƙi. Aibin azara gajarta. In aka ɗora mata nauyin rufin ƙasa ba ta tsallake abin da ya wuce kimanin mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. Bakan gizo shi ne maganin wannan aibi. Magini yakan dasa azara a jikin ginshiƙi, ya ɗaure ta, ya lulluɓe ta da ƙasa, ya jira ta bushe, sannan ya ɗora wata da za ta zarce ta farko tana karkata zuwa ciki. Haka zai yi ta yi hawa-hawa, daga wannan gefe da wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna an sami ɗaurin guga, a kansa ake jera azara a rufe da tulluwa. Babban Gwani ya gaji wannan dabara ne, amma ya kai ta matsayin da masana gine-gine suke ɗaukar masallacinsa a matsayin ƙololuwar ginin ƙasar Hausa. Zanen da aka ƙwaƙule a jikin ginshiƙansa layuka ne da kusurwoyi, babu surar mai rai, kuma yana da natsuwar da ta dace da mazhabar da ta karhanta ƙawar da ke shagaltar da mai salla.

Akwai kuma abin da hoto ba ya nunawa. Ginin ƙasa ba ya ƙarewa ranar da magini ya sauko daga tsani. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai an hau soro an duba tsaga an cike ta, an share bakin indararo, an sabunta yaɓen da damina ta lashe. Don haka ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa, don haka ake haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara. Mutumin da yake hawa rufin nan shekara da shekaru yakan san shi kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ya san inda ruwa yake kwanciya, ya san tsagar da ta daɗe a tsaye tun zamanin ubansa, ya kuma san wadda ta fara tafiya bana. Wannan sanin ba ƙawa ba ne, domin azara a ɓoye take cikin ƙasa, kuma in danshi ya kai gare ta tana iya ruɓewa a hankali alhali fuskar bakan tana nan sumul. Kashi ɗaya na masallacin yana tsaye a ƙofar fada, ɗaya kashin kuwa yana cikin kan magina da tafin hannunsu.

Rigar kankare

A shekarun 1970 jama'a ta yi wa masallacin yawa, kuɗin man fetur ya shigo, kuma kowane babban gari yana son masallacin da zai nuna wa baƙo. Sai aka zaɓi hanyar tsakiya: aka bar ainihin ɗakin sallar Babban Gwani a tsaye, aka tayar da sabon gini na kankare aka lulluɓe shi, aka kawar da gine-ginen da suke kewaye da shi.

Adalci shi ne a fara da yabo. A Kano, tsohon masallacin Juma'a na ƙasa kawar da shi aka yi gaba ɗaya wajen tsakiyar ƙarni na 20, aka gina wanda muke gani yau, kuma garuruwa da yawa sun bi wannan sawu. Mutanen Zazzau sun ƙi yin haka a lokacin da ƙin yin haka yake kama da ƙauyanci. Albarkacinsu ne al'umma biyu suka tashi suna salla a ƙarƙashin bakunan nan. Wanda zai soki aikinsu ya fara da yi musu addu'a.

Duk da haka aikin yana da illa, kuma ba ƙarama ba. Ta fili ita ce an ciro ɗakin salla daga jikinsa. Zaurukan da mutum yake ratsawa daga hayaniyar kasuwa zuwa natsuwar sahu, da harabar da ke tsakani, da dangantakar masallaci da ɗakin shari'a, duk suna cikin maganar da ginin yake yi. Da aka cire su sai ya zama kamar a tsare babi ɗaya na littafi a yar da muƙaddimarsa da sauran babukansa, sannan a yi wa babin bango mai ruwan zinari. Mai wucewa ta ƙofar fada bayan wannan aiki kankare ya riƙa gani. Yaron da aka haifa a birnin yana iya girma bai taɓa ganin bayan tulluwar Babban Gwani ba.

Illa ta ɓoye ta fi wannan nauyi. An ɗauka cewa maƙiyin ginin ƙasa ruwan sama ne kaɗai, saboda haka in an yi masa rumfa an gama. Ruwan sama kuwa, duk da ɓarnarsa, shi ne mai kiran magini kowace shekara. Shi yake tilasta a hau, a taɓa, a gani. Ginin da aka rufe ba ya daina tsufa. Danshi yana hawowa daga ƙasa, gara tana aikinta a duhu, azara tana gajiya, iska ba ta ratsa shi yadda aka gina shi ya saba. Abin da ya ragu shi ne dalilin dubawa. Kowa ya ga irin wannan a unguwarsu: katangar ƙasa da aka shafe da siminti tana yin shekaru tana ƙyalli, danshi ya maƙale a bayan simintin ya rasa mafita, ran nan sai fatar ta ɓamɓare gaba ɗaya a tarar an cinye cikin. Ban ce an saki masallacin Zariya ba, domin fada da jama'ar gari ba su taɓa juya masa baya ba. Abin da nake cewa shi ne tsarin da aka zaɓa ya mayar da kulawa ta zama abin da ake tunawa da shi in an ga alama, bayan da can ita ce sharaɗin rayuwar ginin, mai lokaci sananne kamar shuka da girbi.

Akwai wani adanawar na biyu da ya kamata a ambata. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla tun kafin a sauya shi, kuma aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Littafinsa mai juzu'i uku kan gine-ginen gargajiyar Nijeriya ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. Ba abin mamaki ba ne mutumin ƙasar da aka sake gina tsohuwar unguwar babban birninta daga zane-zane bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya san darajar awo da takarda. Da ba don shi ba, da yawancin abin da muka sani game da asalin tsarin harabar ya zama hira. Masallacin ya zame mana inuwar giginya, na nesa ne ya sha sanyinta. Sai dai kwafin Jos ba shi da ladan, ba shi da sahu, ba shi da jama'ar da za ta ji ciwo in rufinsa ya yi yoyo. Zariya ta riƙe jiki ta rufe shi, Jos ta riƙe sura ta baje ta, kuma duka biyun sun ɗauki masallacin a matsayin abu gamamme da za a ajiye.

Saɓanin da ya riga mu

Mas'alar gyara ko sabuntawa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ba kuma daga Turai ta zo ba. Buhari ya riwaito daga Ibnu Umar cewa masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino. Sayyidina Abubakar bai ƙara komai ba. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi amma da irin kayan farko. Sayyidina Usman ne ya sauya shi da sassaƙaƙƙen dutse da farar ƙasa, ya yi rufi da katakon saji. Muslim kuma ya riwaito cewa mutane sun ƙi wannan sauyin, sun so a bar shi a kan kamanninsa, har sai da Usman ya kafa musu hujja da falalar gina masallaci. Ashe son a bar gini yadda aka gada yana da magabata a cikin mutanen Madina, sabuntawa don buƙata ita ma tana da halifa shiryayye a bayanta.

Ƙissar da ta fi kusa da halinmu ita ce ta Ka'aba a shekara ta 64 bayan hijira, lokacin da gobara ta raunana ta a yaƙin da aka kewaye Makka. Abdullahi ɗan Zubairu ya nemi shawara: ya rushe ya sake, ko ya gyara abin da ya yi rauni? Ibnu Abbas, Allah ya ƙara musu yarda, ya ba da shawarar a gyara inda ya lalace kawai, a bar ɗakin da duwatsun da mutane suka musulunta suka tarar, waɗanda aka aiko Annabi suna nan. Ɗan Zubairu ya amsa da cewa mutum in ɗakinsa ya ƙone ba ya yarda sai ya sabunta shi, balle ɗakin Ubangiji. Ya yi istihara kwana uku, sannan ya rushe. Duk wannan yana cikin Sahihu Muslim.

A lura da hujjar Ibnu Abbas. Bai ce duwatsun suna amfanarwa ko cutarwa ba. Ya ba su daraja ne saboda abin da suka halarta, kuma wannan ita ce ainihin hujjar masu adana gine-gine a kowane zamani. A lura kuma da aikin ɗan Zubairu, wanda masu son rushewa suke gaggawar jingina da shi. Bai gina abin da ransa ya so ba. Hadisin Nana A'isha ya riƙe, wanda a cikinsa Annabi ya bayyana burinsa na mayar da ɗakin kan harsashin Annabi Ibrahim, ya kuma bayyana cewa sabuntar mutanensa a Musulunci ce ta hana shi. Ya tona har ya kai ga tsohon harsashi, adalan Makka suka gan shi da idonsu, sannan ya ɗora a kai. Ya kuma kafa itatuwa ya rataya labule don kada wurin ya zauna fili yayin da ake aiki. Mai sabuntawar ma da shaida ya yi aiki.

Sauran labarin sananne ne. Hajjaju ya mayar da ginin kan tsarin Ƙuraishawa da umarnin Abdulmalik ɗan Marwan, wanda daga baya ya yi nadama da ya tabbatar da hadisin. Da wani halifan Abbasiyawa ya so ya koma ga ginin ɗan Zubairu (riwayoyi sun saɓa ko Rashid ne ko Mahdi ko Mansur), Imamu Malik ya roƙe shi da Allah ya bari, don kada ɗakin ya zama abin wasan sarakuna, wannan ya rushe wancan ya gina, har kwarjininsa ya fita daga zukata. Malik ya san tsarin ɗan Zubairu ya fi dacewa da hadisi. Duk da haka ya fifita dawwamar gini a kan gyaran da ya fi inganci a ƙa'ida. Mu da muke alfahari da mazhabarsa, kowane attajiri da kowane gwamna yana neman masallacin da zai rushe ya kafa allo mai sunansa, ba mu cika tuna masa da wannan fatawa ba.

Na san abin da wasu ɗalibanmu za su ce, kuma maganarsu tana da asali: girmama tsofaffin wurare ƙofa ce ta shirka, toshe ta wajibi ne, ga kuma Umar ya sare bishiyar da aka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashinta. Riwayar sarewar Ibnu Sa'ad ya kawo ta daga Nafi'u, wanda bai riski Umar ba, kuma a cikin Buhari akwai cewa sahabban da suka koma wurin a shekara mai zuwa ba su ma gane bishiyar ba. Ko an karɓe ta, illar hukuncin a fili take: mutane sun mayar da bishiya wurin salla ba tare da dalili ba. Masallacin Zariya tun asali don salla aka gina shi, kuma ba a taɓa jin wanda ya roƙi bakan gizo biyan buƙata ba. Ƙiyasin ya rasa illa mai haɗawa. A ɗaya gefen kuma, lokacin da Walid ɗan Abdulmalik ya ba da umarnin shigar da ɗakunan matan Annabi cikin masallaci wajen shekara ta 88, an riwaito cewa Sa'id ɗan Musayyib ya yi burin da an bar su, don masu tasowa da baƙi su ga abin da Manzon Allah ya wadatu da shi, su rage gasar gini. Riwayar ta biyo ta hannun Waƙidi, kuma ma'abota hadisi sun san matsayinsa, saboda haka ba na kafa hukunci da ita. Amma ma'anar da ke cikinta sahihiya ce: tsohon gini yana wa'azi. Ɗalibin da ya tsaya a ƙarƙashin rufin ƙasa da itace ya ji cewa a nan malaman ƙarni na 19 suka yi Juma'a ya koyi wani abu game da su wanda tayil da fitilun Dubai ba za su koya masa ba.

Inda fiƙihu ya sa yatsa

Babin da ya fi shafar mas'alarmu shi ne babin hubusi, wato waƙafi. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta tabbatar da cewa ba a sayar da hubusi ko da ya rushe. Muhtasar na Shehu Halilu ya ƙara abin da ya fi muhimmanci a nan: ana fara fitar da kuɗin gyaran abin da aka yi waƙafinsa daga amfaninsa kafin a raba wa kowa komai, kuma ko mai waƙafin ya shardanta akasin haka ba a bin sharaɗinsa. Dalilin malamai shi ne manufar waƙafi dawwama ce, dawwama kuwa ba ta samuwa sai da gyara mai maimaituwa. Fiƙihu bai taɓa kallon gini a matsayin abu gamamme ba. Ya kalle shi a matsayin amana mai cin kuɗi kowace shekara, mai buƙatar naziri sananne da za a tambaya.

A garuruwa irin su Fas da Alƙahira shaguna da gidaje da gonaki aka tsayar suna ciyar da masallatai. A ƙasar Hausa abin da ya tsaya a wannan gurbi shi ne fada, da Sarkin Magina da mutanensa, da aikin gayya, daga baya kuma ma'aikatar ayyuka ta En'e. Sauye-sauyen mulkin da suka ƙare da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 sun raba sarakuna da baitulmali da ma'aikata. Wato a cikin shekarun da aka sa wa masallacin rigar kankare ne tsohon tsarin da ke ɗaukar nauyin irinsa ya warware, kuma ba mu kafa hubusin da zai gaje shi ba. Muna tara miliyoyi a taron ƙaddamar da gini cikin yini ɗaya, amma da wuya ka ji wanda ya tsayar da shago biyu don yaɓen masallaci. Sadakar da ba ta da allo ba ta da farin jini.

Ga masu cewa kada a taɓa kuma, Muhtasar yana da magana. A wurin da yake lissafa abubuwan da ke jawo lamuni ya ambaci bangon da ya karkata, aka gargaɗi mai shi, aka kuma sami lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba. Ban kawo wannan don in ɗora wa kowa laifin abin da ya faru ba, domin sharuɗɗan uku ne kuma tabbatar da su aikin alƙali ne. Na kawo shi ne don a ga cewa shari'a ta ɗauka akwai mai dubawa, akwai mai gargaɗi, akwai mai ikon ɗaukar mataki. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya a jerin larurori, kuma babu wani bakan gizo, kome kyansa, da ya kai ran Musulmi ɗaya. Mai son tarihi da ba ya son a ji wannan ya cutar da abin da yake karewa, domin duk ginin ƙasa da ya faɗa wa mutane yana zama hujjar rushe goma.

Masana adana gine-gine na duniya ma sun yi tafiya kafin su iso nan. Yarjejeniyar Banis ta 1964 ta ɗora nauyi a kan ainihin kayan da aka yi gini da su, abin da ya dace da dutse da marmara. Sai a taron Nara na ƙasar Japan a 1994 aka yarda cewa asalin gini yana iya kasancewa a cikin sana'a da al'adar da ke sabunta shi. Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, kowace shekara gari ne yake fitowa ya yaɓe shi ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar magina, kuma itatuwan da suka fito daga bangonsa matakala ce da aka gina tare da shi don wannan rana. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda asalinta yake komawa ga 1515 aka kuma sabunta ta a 1844, da irin wannan kulawa take tsaye. Kada dai a ɗauka gayya kaɗai ta isa. A Jenne yaɓen shekaru ya taru ya yi wa ginin nauyi har sai da aka yi babban aikin rage shi, kuma a Nuwamba 2009, ana cikin aikin, saman ɗaya daga hasumiyoyinsa ya zube bayan ruwa mai yawa. Hannun jama'a yana buƙatar idon gwani, gwanin gargajiya kuma yana buƙatar na'urar injiniya da ke gano danshi da ruɓar itace a cikin bango.

Sana'ar ba ta mutu ba. A garin Yama na jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962 wanda ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, duk a yankin, da tsohon masallaci ya gaza ɗaukar jama'a sai aka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa, aka gyara tsohon aka mayar da shi ɗakin karatu, aikin da Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka kammala a 2018. Wannan ya fi rigar kankare hikima, domin ya sauke wa tsohon gini nauyin taro ya bar shi a fili ana ganinsa ana gyara shi. Sai dai yana ɗauke da tambayar da ta rage a kanmu. A mazhabarmu masallaci ba ya fita daga hukuncin masallaci. Hanbalawa sun fi sassauci, suna kafa hujja da mayar da masallacin Kufa wani wuri a zamanin Umar. Abin da na fi karkata gare shi shi ne a bar wa tsohon hurumin masallaci cikakke, a riƙa karatu a ciki, domin karantarwa tana cikin abin da aka gina masallatai dominsa tun Madina, a kuma ci gaba da yin wasu salloli a ciki gwargwadon adadin da magina suka amince da shi. Mas'ala ce da ta cancanci risalar digiri, ta fi da yawa daga batutuwan da muke maimaitawa.

Har yanzu akwai hasumiyar Gobarau a Katsina, akwai sorayen fadoji, akwai ƙananan masallatan unguwa da na ƙauye da babu wanda ya taɓa auna su. Abin da kowannensu yake buƙata takardar waƙafi ce irin wadda kowane ɗalibin shari'a a ajin ƙarshe zai iya rubutawa. A ambaci shago ko gonar da za ta ciyar da shi, har da fegin da za a dasa giginya, domin azarar kirki daga tsohuwar bishiya take fitowa kuma wanda ya dasa ba shi yake sara ba. A ware rabon yaran da za su bi magini su koya. A faɗi watan da za a hau rufi, da wanda za a kai wa rahoto in an sauko. A kuma rubuta sunan wanda yake da ikon rufe ƙofa ya mayar da sahu haraba a ranar da magini ya ce bai yarda da wata tsaga ba, ko da ranar Juma'a ce kuma liman ya riga ya fito.